Ina so in sa wa mashin ɗina hon mai ƙarar tirela, wa ya taɓa yi?

Sagir_Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san wayarin na mashin. Kullum titin Katsina nake bi daga Kurna zuwa Dawanau, kun dai san hanyar nan da manyan motoci masu dakon hatsi, ga 'yan adaidaita sahu da ke yanko titi ba sigina ba waiwaye. Hon ɗina kuwa sai a hankali, in na danna ni kaɗai nake jin abina. Mashin ɗin 100cc ne, yana da kiki yana da sitata, ya ɗan kwana biyu a hannuna. Na ga yara suna sa irin mai iskar nan da ke ƙara kamar ta tirela. Batir ɗin mashin zai ɗauka? Kuma zan iya ɗaurawa da kaina ko sai na kai wa mai rewaya?

Abba_Dakata: Wa alaikumus salam. Sa abinka kawai maigida, kar ka tsaya dogon bincike. Mai iskar ce a nawa. In na danna a Kwana Huɗu har mai tifa sai ya leƙa madubi. Garin nan in ba ka da murya ba ka da hanya.

Baban_Ilham: Kafin ka kashe ko sisi, yaushe rabonka da canza batir? Yi wannan gwajin: tayar da mashin, bar shi a silo ka danna hon. Sannan ja totur ka sake dannawa. In ka ji ƙarar ta ƙaru da ka ja totur, to hon ɗinka lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isarsa. Da yawa daga cikin masu kukan hon ba ya ƙara, batir ne ya mutu suke ta fama da kiki ba su damu ba.

Sagir_Kurna: @Baban_Ilham yanzu na fita na gwada. Gaskiya ta ɗan ƙaru da na ja totur. Kuma da safe sitata da ƙyar take juyawa, yawanci kiki nake yi.

Baban_Ilham: To ka ga ni. Batir ɗin da ya kasa ciyar da ƙaramin hon, shi za ka ɗora wa mai iska?

OgaRabiu_Rewaya: Salamu alaikum. Sagir ƙanena, wannan sana'ata ce, bari in yi maka bayani yadda ba za ka yi asara ba.

Da farko, ainihin hon ɗin tirela ba zai yi aiki a mashin ba ko ka same shi kyauta. Iskarsa daga tankin iskar birki yake ɗauka, kuma wutar manyan motoci bolt 24 ce (24V), taka 12. Abin da ka gani wurin yaran nan hon ne mai ɗan ƙaramin kwamfireso a jikinsa, shi ke hura iskar nan take. Matsalarsa cin wuta. Ɗan faifan hon da ke zuwa da mashin bai wuce ya ja amfiya 2 ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da abu ke ja), ko 3 in ya yi yawa. Tagwayen nan masu siffar dodon koɗi da ake sa wa ƙananan motoci, kowanne yana jan 4 zuwa 6. Mai kwamfireso kuwa yana kai 18, wani har 20. Babban fis ɗin irin mashin ɗinka 10 ne ko 15. Yi lissafin da kanka.

Wayar hon ta asali siririya ce, kuma makunnin da ke hannunka na hagu wani ɗan ƙarfe ne mitsitsi a ciki. Ka bi da wuta mai yawa ta nan, sai bakin makunnin ya dinga ƙonewa kaɗan-kaɗan har ya daina kamawa, ko ya liƙe hon ya ƙi yin shiru. Shi ya sa dole a sa rilai. Rilai kamar maigadi ne: kai dai ƙwanƙwasawa za ka yi, shi zai buɗe ƙatuwar ƙofar. Makunninka zai ɗauki 'yar wutar da ba ta kai rabin amfiya ba, babbar wutar kuma ta taso daga batir kai tsaye ta waya mai kauri.

Amma duk wannan sai bayan ka gyara batir da caji, kamar yadda Baban Ilham ya faɗa.

Sagir_Kurna: Allah ya saka da alheri Oga. Rilai ɗin yaya ake haɗa shi? Na taɓa ganinsa, mai ƙafa huɗu ko?

OgaRabiu_Rewaya: Shi fa. Juya gindinsa za ka ga lambobi a jikin ƙafafun: 30, 85, 86, 87. Wayoyi biyun nan da za ka zare daga tsohon hon, ɗaya ta tafi 85 ɗaya 86. Ja sabuwar waya daga kan fositif na batir zuwa 30, ka sa mata fis nata na kanta kusa da batir sosai, kar ya wuce tsawon tafin hannu. Daga 87 zuwa sabon hon. Ɗaya ƙafar hon ɗin ka ɗaure ta a bodi, inda ka kankare fenti ƙarfe ya fito fes. Tagwaye fis 15 ya ishe su da waya mai kauri 1.5 (lambar kaurin waya ke nan). Mai kwamfireso sai waya 2.5 da fis 25 ko 30. Kuma cire kan negetif na batir kafin ka taɓa komai.

Abin da ya sa na ce ka kai tsofaffin wayoyin duka biyu kan rilai: mashina da yawa wuta tana zaune a jikin hon tun da ka murɗa makulli, shi kuwa makunnin, haɗa shi da bodi kawai yake yi. Wanda bai san haka ba sai ya ɗaure ɗaya wayar a bodi, yana murɗa makulli hon ya kama ihu.

Abba_Dakata: Da girmanka Oga, amma ni fa ba rilai ba komai, kai tsaye yaron ya haɗa min, kuma ga shi yana aiki lafiya. Wani lokacin ku masu gyara kuna ƙara wa abu tsawo ne don aiki ya yi kuɗi.

OgaRabiu_Rewaya: Abba, kuɗin rilai nawa yake da zan yi arziki da shi? Tambaya ɗaya zan yi maka: wane fis ne a mashin ɗinka yanzu? Je ka buɗe murfin gefe ka duba. In mai kwamfireso ne da gaske kuma fis bai taɓa tsinkewa ba, to ko dai an sa maka wanda ya fi ƙarfin wayarin, ko an naɗe shi da silin waya.

An taɓa turo min wani mashin a kan kura. Yaron ya ɗaura irin naka, fis ya yi ta tsinkewa, sai wani gwani ya naɗe masa shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Da na ɗaga tanki, damin wayar nan gaba ɗaya ya narke ya zama curi guda, ja da kore da baƙi ba ka bambance su, roba ta ɗiɗɗiga a kan injin ta daskare. Tsakanin inda ta narke da tiyon fetur bai kai yatsa biyu ba. Ya ce a cikin cunkoso ya ji ƙauri, ya zaci mai gasa masara ne a gefen titi. Sabon wayarin sukutum ya saya, da rektifaya, wato abin da ke daidaita wutar da ke cajin batir.

Baban_Ilham: Garin gyaran gira ke nan.

Maman_Khairat: Ku yi haƙuri in sa baki duk da ban san rilai ba ban san fis ba. Ni dai roƙo nake. Gidanmu a bakin lungu yake, tagar ɗakina tana kallon hanya. Akwai wani yaro da ya sa irin wannan abin, in zai shigo lungu sai ya danna tun daga bakin titi har ƙofar gidansu, ko ƙarfe goma sha ɗayan dare ne. Jaririyata sai ta zabura ta ƙanƙame jiki, kafin in samu ta koma barci an jima. Surukata mai hawan jini ce, ranar nan tana alwala buta ta suɓuce mata don firgita. Lungun da ko adaidaita ba ya shiga, tirela ta ina za ta fito da za a yi mana wannan? Malam Sagir, in ka sa don Allah ka tuna da mu.

Sagir_Kurna: Hajiya wallahi ba don lungu nake nema ba, don babban titi ne. Allah ya raya Khairat.

Maman_Khairat: Amin na gode. Shi ma yaron haka zai ce in an tambaye shi.

TankoDireba: Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Maiduguri, tun ina yaron mota. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga sama inda muke zaune. Injin yana ƙarƙashin kujerata yana ruri, bodi yana ƙara, in hanya ba kyau komai na cikin motar yana kaɗawa. Hon ɗin mashin na asali, gaskiya ba na jinsa, wannan Sagir ya yi gaskiya. Mai ƙarfin ina jinsa. Amma ga inda gizo ke saƙar: in na ji ƙarar babbar mota, babbar mota idona zai nema a madubi. In duba hagu ba kowa, in duba dama ba kowa, sai in ce ko daga ɗaya hannun ne. Alhali kai kana nan maƙale a gefen tayata ta dama inda madubi ba ya kaiwa. Ka yi ƙara, na ji, amma ban san kana wurin ba.

Kuma ko na gan ka, mota mai buhu ɗari shida ba ta tsayawa don an yi mata hon. Abin da nake gaya wa 'ya'yana masu hawa mashin: in ba ka hango fuskata a madubina ba, ni ma ban gan ka ba. Kar ka shiga ta dama in zan sha kwana. Wannan ya fi maka kowane hon.

Abba_Dakata: Baba Tanko, to ai gara ka ji ka duba da a ce ba ka ji ba sam. Ko ba haka ba?

TankoDireba: Haka ne ɗana, ban ce ba shi da amfani ba. Na ce kar ka dogara da shi ka kutsa inda bai kamata ba. Na lura masu irin hon ɗin nan sun fi kowa ganganci, don suna ganin sun riga sun sanar.

Injiniya_Bashir: Bari in ƙara wani abu kan lambobin da ake rubutawa a kwali, don kar a ruɗe ku a kasuwa. Za ka ga an rubuta 139dB, wani ma 150dB. Desibel, wato dB ɗin nan da ake auna ƙarfin ƙara da shi, ba kamar kilo ba ne da za ka ce 120 ya fi 110 da kaɗan. Ƙarin 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Sannan lambar ba ta da ma'ana sai an faɗi daga wace tazara aka auna. Masu kwali sukan auna dab da bakin hon ɗin don lamba ta yi girma. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara tana raguwa da kusan 6. Hon ɗin da ya ba da 110 a mita 2, a mita 16 ya dawo wajen 92, a mita 32 wajen 86. Mai mota ya rufe gilashi ya kunna esi da rediyo, sai ka sake cire wani abu mai yawa.

Wanda ke shan ƙarar da cikakken ƙarfinta kai ne da ke zaune a kanta, da mai tafiya a ƙasa da ke gefenka. Ma'aunin da ake amfani da shi a wuraren aiki shi ne 85 na tsawon awa 8, sama da haka ji yana fara lalacewa, kuma in ƙarar ta haura 120 ɗan lokaci kaɗan ya isa ya yi illa. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Shawarata tagwayen nan, ɗaya mai kauri ɗaya mai siriri, wajen 400 da 500 a ma'aunin kauri da sirantar murya, ba desibel ba. Haɗuwar muryoyin biyu ita ke sa a ji su, ba tsabar ƙarfi kaɗai ba.

Danliti_04: Injiniya ka sa kaina ya yi zafi. A taƙaice a saya ko kar a saya?

Injiniya_Bashir: A taƙaice kar ka sayi lambar kwali. Ka sa a gwada maka, ka koma nesa ka saurara.

Malam_Nura: Assalamu alaikum. Maganar Maman Khairat kar a wuce ta haka. Ya tabbata a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita ɗan'uwansa ba, kuma asalin hadisin ma a kan wasa ne aka yi wa wani sahabi yana barci. In firgitarwa da wasa an hana, ina ga wadda za ta iya jefa mutum gaban mota? Haka nan cikin haƙƙoƙin hanya da aka lissafa akwai kamewa daga cutar da mutane. Ban ce sa hon mai ƙarfi haramun ne ba, kar a ɗauke ni ba daidai ba. Kayan aiki ne. Amma wanda ya lallaɓo bayan dattijo ya danna don abokansa su yi dariya, ya san abin da ya ɗauka.

Abba_Dakata: Allah ya gafarta Malam, mun ji kuma mun karɓa. Amma a yi mana adalci mu ma. Yanzu mutum zai toshe kunnuwansa biyu da iyafis ya tsallaka titi yana latsa waya. Ka yi ƙaramin hon bai ji ba. In ka buge shi kafin ka tashi an taru a kanka, ba mai tambayar wa ke da gaskiya, mai mashin ne mai laifi. Gara in firgita shi ya zage ni, da in kwana a wurin 'yan sanda shi ya kwana a asibiti.

Malam_Nura: Wannan kuma gargaɗi ne, ba shi nake nufi ba. Kai ma ka san bambancin.

Isuhu_Maradi: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan 'yan kabu-kabu ma sun ɗauki wannan yayin, balle ranar ɗaukar amarya. Amma ni abin da na gani da idona a hanyar ƙauye ne, ranar kasuwa. Wani dattijo na tafe da amalanken shanu, ya ɗoro buhunan gero da jikokinsa biyu a sama. Wani matashi ya taho ta baya, maimakon ya rage gudu ya ratse, sai ya saki ham ɗin nan dab da kunnen sa. San na dama ya yi tsalle ya ja ɗan'uwansa, amalanke ya gangara gefen hanya ƙafa ɗaya ta faɗa rami, buhu biyu suka zube ɗaya ya fashe. Yarinyar ta faɗo kan yashi, Allah ya kiyaye ba ta karye ba, amma leɓenta ya fashe. Dattijon bai ce uffan ba, ya durƙusa yana tattara gero da hannu yana zubawa a hularsa. Yaron ko tsayawa bai yi ba. Duk mai bin hanyar da dabbobi ke bi, shanu ko jakai ko raƙuma, ya san wannan. Dabba ba ta san gefen da za ta kauce ba.

Baban_Ilham: Subhanallahi. Doki ma haka, ku tambayi masu hawan Sallah.

Kabiru_Fagge: Ku yaran yanzu ba ku ga hayaniya ba. Wanda ya san Kano kafin Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja, shi ya san hon. Ka tsaya a Bata ko Wapa da yamma, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Ɗan acaɓa da hon yake kiran fasinja, da shi yake gaisuwa, da shi yake zagi. Da aka hana muka ce za mu huta, ashe gadon abin adaidaita za ta yi, har da ƙarin sifika.

Auwalu_Keke: Yaya Kabiru an zo kanmu ke nan. Kowa ya tashi sai ɗan adaidaita. Shi ma Sagir da ya buɗe maganar da mu ya fara. Ku masu mashin ɗin da kuke bi ta kowane gefe kamar ruwa fa? In tsaya sauke fasinja, kafin ya sa ƙafa ƙasa mashin ya shigo ta dama.

Kabiru_Fagge: To ka dinga sa sigina mana.

Auwalu_Keke: Sigina tana nan, ku ne ba ku kallo.

Nas_Hauwa: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɗakin da nake aiki yana kusa da katangar da ke bakin titi. Akwai allon hana hon a wajen, ba wanda ya san da zamansa. Mara lafiyan da ya kwana bai runtsa ba, sai da asuba barci ya ɗauke shi, sai wani ya zo ya tashe shi don mai shayi bai matsar da benci ba. Sannan abin da na fi gani a masu haɗarin mashin da ake kawo mana, ba rashin hon ne ya kawo su ba. Kai ne a fashe saboda ba hular kwano. Malam Sagir kana da ita?

Sagir_Kurna: Akwai ta Anti, sai dai zafin nan ne.

Nas_Hauwa: Hmm.

Aliyu_Kawo: Ba wanda ya taɓo ɓangaren doka. Akwai dokar taƙaita hayaniya ta ƙasa tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma dokokin hanya sun keɓe jiniya ga wasu motoci ne kawai, irin su motar asibiti da ta kashe gobara da jami'an tsaro. Don haka irin hon ɗin nan mai sauya murya, wanda ke kukan jiniya ko na motar 'yan sanda, shi kam kar ma ka fara. Wani maƙwabcina a nan Kaduna an tare shi a kan haka, a gabansa aka sa ya kwance abin da hannunsa, ya bar shi a can, ya kuma yini yana ba da haƙuri. Hon na mota na yau da kullum ban taɓa ganin an tare wani a kansa ba.

Danliti_04: Akwai wani a layinmu nasa kukan jariri yake yi wallahi. Wani kuma haushin kare.

Sagir_Kurna: To jama'a ga inda aka kwana. Na kai an auna batir, ya mutu, na canza. Mai gyaran ya goge kawunan wayar hon ɗin da suka yi tsatsa, ya kuma ɗan murɗa wani ƙaramin sukuru a bayansa. Wallahi ƙarar ta dawo kamar ba shi ba. Amma har yanzu a kan titin Dawanau bai ishe ni ba. Na haƙura da mai kwamfireso, tagwayen nake so. @OgaRabiu_Rewaya masu dodon koɗi ko masu faifai?

OgaRabiu_Rewaya: Madalla. Sukurun nan shi ke daidaita tazarar abin da ke kaɗawa a ciki, kwata-kwatan juyi ake yi masa ana saurare, in ka zarce sai ya yi shiru gaba ɗaya. Ka sa a auna maka caji ma: injin na tafiya ka ja totur, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5 a kan batir. In tana tsaye a 12, sabon batir ɗin ma zai bi sahun tsohon.

Kan tambayarka, dodon koɗi ya fi daɗin murya, mai kauri kamar ta mota. Amma a mashin yana da lalura. Bakinsa a buɗe yake, mashin kuma ba bonet. Ruwan damina, ruwan masu wanki da injin feshi, ƙurar hunturu, duk ciki suke shiga. In za ka sa shi dole bakin ya kalli ƙasa don ruwa ya zube. Kuma roba ne, in ya kusanci bakin salansa zai narke. Mai faifai ƙarfe ne, muryarsa tana da kaifi tana huda hayaniya, ya fi jure wahala. Don hanyar Dawanau ni shi zan ce.

Wurin ɗaurawa: ka bar shi a kan 'yar siririyar ƙarfen da ya zo da ita, kar jikinsa ya taɓa komai. Hon kaɗawa yake yi, in ka matse shi a jikin bodi ka kashe rabin muryar. Bayan ka ɗaura ka juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe, ka kuma danna gaba da ƙarfi ka ga modigad ba ya dukansa in ka faɗa rami. Kar ka huda firem.

Sani_Sifeya: Ina sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa. Abin da zan ce, jabu ya yi yawa a harkar hon, kwali mai kyau da sunan babban kamfani, ciki gwangwani. Ɗauki a hannu ka ji nauyi, mai kyau yana da nauyi saboda naɗin jan ƙarfen da ke ciki. Mutane da yawa sun fi son na Beljiyam da aka ciro daga motoci, kuma ina ganin suna da hujja. Ko wanne ne, kar ka biya sai an ɗosana maka a batir ka ji duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Ka duba a jiki an rubuta 12V, don akwai na 24 a cikin kayan Beljiyam, in ka sa shi sai dai ya yi maka gurnani. Rilai ma ka karɓi mai soket ɗinsa, ya fi naɗe-naɗen salatif.

Baban_Ilham: Ni da za ka ji tawa, tunda tsohon ya farfaɗo, kar ka cire shi. Bar shi a makunninsa don cikin unguwa, sabon ka yi masa makunni daban don babban titi. Ka ga Maman Khairat ta huta, kai ma ka samu abin da kake so.

TankoDireba: Mu ma haka motocinmu suke, akwai na wuta akwai na iska. Na cikin gari daban.

Injiniya_Bashir: Ni ina da ja a nan. Lokacin da abu ya taso maka ba zato, babban yatsanka inda ya saba nan zai tafi, ba za ka tsaya neman makunni na biyu ba. Ke nan a daidai lokacin da ka fi buƙatar mai ƙarfin, ƙaramin za ka danna. In za a yi biyu, mai ƙarfin ya zauna a makunnin asali, ƙaramin a koma da shi sabon.

Maman_Khairat: Injiniya, in aka yi haka ai mun koma gidan jiya. Yatsan da ya saba ɗin shi zai danna a ƙofar gidana.

OgaRabiu_Rewaya: Ana iya sa ɗan makunnin zaɓi guda, ka tura shi gefe ɗaya in ka hau babban titi, ka dawo da shi in ka shigo gari, madanni ɗaya ke aiki da duka. Ina yi wa mutane. Sai dai rabinsu in sun dawo gyara, a kan babban nake samunsa, har ya yi tsatsa a wurin.

Abba_Dakata: Oga Rabi'u na buɗe murfin. Fis ɗin 30 ne a ciki. Wannan matsala ce?

OgaRabiu_Rewaya: Matsala ce babba, wayarka za ta riga fis ɗin ƙonewa. Mayar da wanda kamfani ya sa, ka zare wayar hon ɗin har sai an sa rilai.

Lawwali_Gusau: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa tambayar daban ce. Tsohon mashin ne na babanmu, ba batir a jikinsa sam, da kiki yake tashi kuma hon ɗin sai injin na tafiya yake ƙara. Tagwayen nan za su yi a kansa?

OgaRabiu_Rewaya: Ya danganta. In asalinsa mai batir ne aka cire, sai a mayar da batir da rektifaya tukuna. In kuwa tun daga kamfani hon ɗin daga kwayil yake shan wuta kai tsaye, to irin nasa daban ne, na mota ba zai yi ba. Ɗauko hoton hon ɗin ta baya inda rubutu yake, da hoton wayoyin da suka fito daga injin, ka turo mu gani.